Ta Zaure Muka Shigo Birni

Dillalin da ya kai ni ganin gidan bai bari na tsaya a zaure ba. Da sauri ya yi gaba yana kaɗa makullin babur, yana cewa, "Injiniya, kar ka kalli ginin, ƙasar za ka kalla. Wannan duk tarkace ne, kwana uku yara za su kwashe maka shi." Tarkacen da yake nufi gidan ƙasa ne mai zaure biyu, da azarar da hayaƙin shekaru ya mayar baƙa wuluk, a wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Wambai. A tsakar gida akwai rijiya an rufe ta da tsohon kwano, ga akuya ɗaure a turke, ga wata dattijuwa a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, sannan ta ce, "Kai ne na huɗu a satin nan, ɗan nan. Ku dai yi ta zuwa."

Na sayi gidan. Na fara faɗin haka ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya zaci wani mai tsabtar hannu ne ya hau mumbari. Ina cikin mutanen da zan zarga, kuma na san hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, domin da su na lallashi kaina har na ajiye kafin alƙalami.

Su wa nake nufi? Mu da kuɗinmu ba ya jin zafin naira. Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta, wani kamfani na ƙasar waje nake yi wa daga ɗakina, da dala ake biyana. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ban ƙara ilmi ba, ban ƙara awa ɗaya a kan aikina ba, na kwanta na tashi albashina ya ninka a naira. A daidai wannan lokaci malamin firamare da ke haya a lungun da na sayi gida ya kwanta ya tashi ya tarar an cire tallafin mai, buhun siminti ya haura naira dubu goma a wasu wurare, mai gidansa kuma ya aiko a gaya masa haya ta ƙaru. Ba mu kaɗai ba ne. Akwai manyan 'yan Kwari da ke neman sito, akwai 'yan siyasa da ke neman inda za su binne abin da suka samu, akwai 'yan uwanmu da ke Ingila da Saudiyya masu turo kuɗi a saya musu "ko ina ne cikin gari". Duk mun gano abu guda: naira tana narkewa a hannu kamar ƙanƙara, ƙasar birnin Kano kuwa ba ta narkewa. Sai muka yi ca a kan tsofaffin unguwanni, inda gidajen gado suke, inda magada suka yi yawa kuma aljihunsu ya bushe.

Abin da ya hana ni barci bayan cinikin shi ne zauren. Ni mutumin Fammar ne, a ƙasar Kibiya. Lokacin da na samu gurbin karatu a jami'a, mahaifina bai nema mini ɗakin haya ba, don ba shi da abin biya. Mota muka hau ta Rano da Bunkure, muka sauka cikin birni, ya kai ni gidan wani dattijo, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka na kawo maka." A zauren gidan nan kakana yake sauka in ya kawo gyaɗa birni. A nan mahaifina ya kwana sati biyu lokacin da aka kwantar da ƙanwarsa a Asibitin Murtala. Ni ma a nan na shimfiɗa tabarmata shekara guda cur, tare da almajirai biyu da wani mai ɗinkin hula. Ko sisi ba a taɓa tambayata ba. Kullum bayan magariba yaro zai fito da kwanon tuwo daga cikin gida, ban taɓa ganin fuskar matar da ke zuba shi ba sai ranar da zan tashi na shiga yi mata sallama.

Wanda bai yi irin wannan zama ba zai ɗauka zaure ɗaki ne kawai da ake bi a shiga gida. A zaure ake karatun allo da asuba da na littattafai bayan la'asar. A nan ake ɗaura aure, a nan ake zaman makoki, a nan ake sasanta maƙwabtan da indararon ɗaya ke zuba a katangar ɗaya. Baduku da maɗinki a nan suke sana'a ba tare da biyan kuɗin shago ba. Mu mutanen karkara kuwa, zaure ne ya ba mu damar shiga birni. Da yawa daga cikin attajiran da ake ji da su yau, in ka bi salsalarsu, wani ne ya zo daga ƙauye da sanda da buta aka ce masa ga zaure nan, kwanta.

To ku duba abin da muke ginawa in mun saya. Ko dai a tayar da bene, shaguna a ƙasa, sito a sama, a cika shi da dilolin atamfa da shadda, a kulle da ƙarfe shida na yamma. Ko kuma a ja doguwar katanga, a ɗora mata waya mai ƙaya, a sa get, a haƙa burtsatse da za ta janye ruwan rijiyoyin maƙwabta, a ajiye maigadi. A duka biyun babu inda baƙo zai ajiye buta. Lungun da shaguna suka cinye, je ka shi bayan isha ka ga yadda yake zama kamar maƙabarta. Sahun asuba da ke kaiwa bakin ƙofa ya koma mutum shida. Yaron da zai taso daga Fammar bana da takardar shiga jami'a a hannu, wa zai kai shi gidan wa a ce ga ɗanka? Ni da na ci tuwon zaure shekara guda, ni ne yau nake riƙe da takardar da ta ba ni ikon rushe wani.

Na san amsar, don na sha ba kaina ita. Ciniki ne na halal. Magada ne suka kai gidan kasuwa da kansu, ba wanda ya sa musu wuƙa a wuya, mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun sa hannu, an yi addu'a an watse. Duk gaskiya ne. Amma mu zauna mu yi lissafi, tunda lissafi sana'ata ce. Ba zan faɗi abin da na biya ba, mu ɗauka naira miliyan 40. Maigida ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyar, mata huɗu. Tumuni miliyan 5 ne, matan su raba, kowacce miliyan biyu da rabi. Sauran miliyan 35 a kasa su kashi 14: kowace 'ya mace miliyan biyu da rabi, kowane namiji miliyan 5. Ban cire la'adar dillalai ba, ban cire bashin mamaci ba, ban kuma sa jikokin da iyayensu suka rasu bayan maigida aka sake raba kasonsu ba. Yanzu a gaya mini, ina dattijuwar da ta shekara hamsin a ɗaki guda za ta kai miliyan biyu da rabi ta samu rufin asiri? Fuloti na awon igiya a bayan gari ma sai an yi sa'a, ba a zo maganar bulo da kwano ba. Jiya mutum goma sha ɗaya suna da gida a tsakiyar birnin Kano. Yau kowannensu yana da kuɗin da zai ƙare kafin shekara biyu, ni kuma ina da gida.

Ta ɗaya ɓangaren, mafi ƙarancin albashi a jihar Kano tun ƙarshen 2024 naira 71,000 ne. Ma'aikacin da ke ɗaukar wannan, in bai ci ba bai sha ba, sai ya shekara 47 kafin ya tara miliyan 40. Ɗan unguwar da aka haifa a lungun, wanda ya san kowace kwata da kowane dakali, an fitar da shi daga cinikin tun kafin a fara tayi.

Wani abokina da ya yi karatun zaure ya ce mini ai shari'a ta tanadi shufu'a. Haka ne, kuma ya kamata mu san iyakarta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, shufu'a haƙƙin abokin tarayya ne a cikin abin da ba a raba ba: in ɗan uwanka ya sayar da kasonsa ga bare, kana da ikon ka biya kuɗin ka karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a wurinmu, Hanafawa ne suka ba shi. To ko shi abokin tarayyar, da me zai biya? Ɗan gidan da ke tuƙa adaidaita sahu yana da haƙƙin ya fanshi kason 'yan uwansa goma, amma haƙƙin da ba kuɗi a bayansa a takarda yake ƙarewa. Malamai sun yi mana bayanin yadda ake raba gado daki-daki, Allah ya saka musu. Abin da ban cika jin ana yi wa mutane wa'azi a kai ba shi ne cewa raba gado ba dole ne ya zama sayar da gida ba. Ana iya ƙiyasta kaso a rubuta, a ci gaba da zama. Ana iya ba ɗan uwa lokaci ya biya a hankali. Ana iya cire zaure da ɗakin tsohuwa a yi hubusi da su da yardar magada. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Attajirin da ke son lada, ga inda zai same shi: ya fanshi gidan gado ya bar mutanensa a ciki, maimakon masallaci na huɗu a layi ɗaya. Amma ina, da an yi addu'ar bakwai dillali ya riga ya san yawan magada, ya san wanda bashi ya yi wa katutu, ya san wanda zai fara zugawa.

Kada a ce ina yi wa talauci kirari. Na zauna a gidan ƙasa, na san abin da ke cikinsa. Na san fargabar watan Agusta in ruwa ya kwana yana zuba, kowa kunnensa na kan katanga. Na san masai guda na mutum ashirin, da kwatar da ke bi ta ƙofar ɗaki, da yaɓen da ake yi duk shekara wanda yanzu masu iya shi da makuba sun yi ƙaranci. Matan da ke cikin gidajen nan su suka fi kowa sanin wahalarsu, kuma da yawansu in ka ba su ɗaki ciki da falo mai famfo ba za su waiwayo ba. Wanda yake zaune cikin sanyin na'ura ba shi da bakin cewa wasu su dawwama a haka don birni ya yi kyau a hoto. Tambayata ɗaya ce: in an gyara unguwa, wa aka gyara wa? A ce yau an yi titi, an yi magudanar ruwa, an kawo wuta, amma duk wanda ya sha wahalar rashinsu shekara arba'in yana can Rimin Kebe ko Gaida ko bayan Ɗorayi yana fara sabuwar wahala, inda ba titi ba asibiti, yana biyan kuɗin mota sau biyu kafin ya iso kasuwar da a da yake zuwa da ƙafa. Wannan shi ake kira ci gaba a bakin dillalai. Kuma abin ba ya tsayawa a nan. Wanda aka tura bayan gari gonar wani aka yanka masa. Duk mai bin hanyar Zariya zuwa gida kamar ni ya ga yadda gonakin da ya sani yana yaro suka koma tubalan shaida da harsashin gini. Manomin da ya sayar ya ci kuɗin, ɗansa ya shigo birni neman aikin gadi, wataƙila a get ɗin ɗaya daga cikinmu.

Ba Kano aka fara ba. Tun 1964 wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta rubuta yadda masu hali ke saye tsofaffin gidajen leburori a wasu unguwannin Landan suna gyarawa, gida ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari unguwa ta canza mutane gaba ɗaya. A Lisbon, babban birnin Fotugal, irina ne ma ake kuka da su: masu aiki ta intanet da albashin wata ƙasa, waɗanda ke biyan hayar da ɗan gari ba zai iya ba. Ƙasar ta buɗe ƙofa a 2012 cewa baƙon da ya sayi gida mai tsada za a ba shi izinin zama, a 2023 ta rufe wannan ƙofa saboda ihun 'yan ƙasa. Mu a nan in an ce an kori talaka daga unguwarsa, katafila muke tunawa: Maroko a Legas a watan Yulin 1990 zamanin Raji Rasaki, ko unguwannin Jidda da aka fara rushewa a ƙarshen 2021, inda Hausawa da yawa suka rasa matsuguni. Waɗannan kowa ya gani, kowa ya yi Allah wadai. Namu na cikin birni ba ya ƙara. Ba soja, ba ɗan sanda, sai alƙalami da fatiha da goro. Shi ya sa ba wanda yake jin ya yi laifi.

Gwamnati fa? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna a matsayin amana. Amana aka ce. Mun ga yadda aka riƙe ta. An yanka jikin badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 da suka wuce, an yi shaguna da gidajen mai. An cike kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, waɗanda su ne ke shanye ruwan damina, an yi gini a kansu. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, kowa kuma ya san an yi gini a kan hanyar ruwa. Zamanin Ganduje aka raba filayen jama'a, har da gefen Masallacin Idi. Abba Kabir Yusuf ya hau a ƙarshen Mayun 2023, cikin kwanaki katafila ta fita: Otal ɗin Daula, shagunan Filin Idi, da sauransu. Magoya bayan kowane ɓangare suka cika Facebook da zage-zage. Ni abin da na lura da shi, duk rigimar a kan manyan filaye ce da ke bakin titi, inda kyamara ke kaiwa. Ban ji an tayar da jijiyar wuya a kan lungun da ake mayar da gidajensa sito ɗaya bayan ɗaya ba. Hukumar tsara birane, KNUPDA, ita ke da ikon cewa nan wurin zama ne, nan kasuwa ce. A lungun da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, da wace hujja ake barin bene hawa uku cike da yadi? In izini aka bayar, wa ya bayar? In ba a bayar ba, ina aka shiga har gini ya kai sama?

Hujjar ƙarshe, wadda ta fi ƙarfi, ita ce wadda na rufe bakin zuciyata da ita: in ban saya ba wani zai saya, kuma shi sito zai yi, ni ko ba komai zama zan yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai hujja ce da ba ta taɓa hana kowa komai ba, kowane mai saye yana da wanda ya fi shi muni da zai nuna. Kuma ko da niyyata fara ce tas, kuɗin da na biya ya riga ya yi aikinsa. Kafin sati ya zagayo duk lungun an san nawa aka sayar da gidan. Kowane magaji da ke cikin matsi ya yi nasa lissafin a zuci. Kowane mai gidan haya ya dubi 'yan hayarsa da sabon ido.

Don haka ga abin da nake ce wa abokan aikina da ke turo mini hotunan gidajen gado a WhatsApp suna tambaya ko "ya yi". Kafin ka tambayi takarda, tambayi mutum nawa ke kwana a gidan, da inda kowannensu zai nufa. Tambayi ko akwai magajin da bai so a sayar ba aka fi ƙarfinsa. Shiga ka gaida tsohuwar da ke ciki, ka kalli idonta, kar ka bar dillali ya ja ka ta gefe. In bayan haka ka ga za ka iya, to ka saya kana sane da abin da ka saya, ka daina cewa kai dai jari kawai ka zuba.

Ni na ce wa dattijuwar ta zauna shekara guda, ko fiye, ba haya. Na yi zaton na yi abin kirki. Wata biyu ta yi ta aiko a kira ni. Na tarar an ɗaure kaya, akuyar tana cikin adaidaita sahu. Na ce, "Iya, ai ban ce ki tashi ba." Ta ce, "Ka kyauta, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Amma ɗakin da aka kawo ni ina amarya ba zan zauna a cikinsa da izinin wani ba." Gidan 'yarta ta koma, can wajen Kumbotso. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta cire ƙyauren ɗakinta, wai mijinta ne ya sa aka sassaƙa shi.

Zanen sabon ginin yana kan teburina wata na uku ke nan. Mai zanen ya mayar da zauren farko gareji, na biyun ya ce shago biyu za su fita, hayarsu kaɗai za ta riƙe mini kuɗin wuta da na maigadi. Na ce a bar zauren farko yadda yake, a buɗe, da tabarma da randa. Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, a wannan zamanin? Wa za ka bari ya kwana maka a ƙofar gida, ga kwamfutoci a ciki?" Maiɗakina ma ta tambayi inda za mu riƙa ajiye mota, kuma ban ga laifinta ba. Har yau ban sa hannu ba.

Shekaranjiya da daddare dillalin ya kira ni. Ya ce gidan da ke jikin nawa ta gabas, na malamin da ke da makarantar allo, 'ya'yan ƙanensa sun kai ƙara kotu a raba. Ya ce in na haɗa biyun zan samu fili mai kusurwa huɗu sosai, har mota biyu ta shiga. Ya ce in yi sauri, akwai wani ɗan Kwari da ya riga ya zo ya gani.